Wata uku da Debian a shagona: GNOME na tarar, Xfce na zaɓa

Shagon buga takardu nake da shi a Samaru, kuma yawancin masu shigowa ɗalibai ne masu furojet da malaman firamare masu takardun jarrabawa. Kwamfutoci uku gare ni, duk 'yan gwanjo, kowace RAM ɗinta gigabait 4. Da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, na duba na ga babu wadda za ta ɗauki Windows 11 a cikinsu, kuɗin sabuwa kuwa ba a magana. Sai ƙanina da ke karatun kwamfuta ya zo mini a filashi da Debian 13, wani tsarin tafiyar da kwamfuta da ke maye gurbin Windows, wanda ya fito a watan Agustan shekarar, ya ce kyauta ne, in gwada.

Wajen ɗora shi akwai wani shafi da ya jero sunaye: GNOME, Xfce, KDE Plasma, Cinnamon, MATE da wasu. Na tambaye shi mene ne waɗannan, ya ce fuskar aiki ce, wato inda za ka ga maɓallai da foldodi da agogo. Injin ɗaya ne, riga ce kawai ta bambanta. GNOME na tarar an riga an yi masa alama, don haka na danna gaba ba tare da na taɓa komai ba. Na tabbata haka yawancin mutane ke yi, shi ya sa wannan 'yar alamar ta fi yadda ake ɗaukarta nauyi.

GNOME kyakkyawa ne, wannan ba gardama. Rubutu sumul, launi ba hayaniya, firintata ma ya gano ta da kansa. Abin da ya fi burge ni shi ne haruffanmu masu ƙugiya. Na ƙara tsarin madannai na Hausa a saituna, ina danna maɓallin tambarin Windows tare da na tazara sai in koma rubuta ƙ da ɗ da ɓ. Duk wanda ya taɓa buga wa malamin Hausa takardar jarrabawa yana farautar ƙ a jerin alamomi ya san darajar wannan.

Amma yarona da ke zama kan na'urar yini guda, a ranar farko ya kira ni: "Oga, ina maɓallin sauke shafi ƙasa?" Babu. Tun GNOME 3 na 2011 aka cire shi, sai ka shiga wata manhaja ta daban ka dawo da shi. Fayil ma ba ya zama a kan fuskar allo, mu kuwa a nan muke zube aikin kowa, kwastoma ya nuna nasa da yatsa. Sannan in aka buɗe LibreOffice na buga rubutu da Firefox na shiga intanet da furojet mai shafi tamanin cike da tebur, sai na'urar ta fara jan ƙafa. Tsufan kwamfutar ne, na sani, to amma ita nake da ita.

Bayan mako biyu muka sake ɗorawa, na cire alamar GNOME na sa wa Xfce. Wani Bafaranshe, Olivier Fourdan, ya fara shi a 1996, kuma kallon farko za ka rantse ba a sake masa fenti ba tun lokacin. Na ɗauki kusan awa guda ina gyara: na sauko da sandar sama zuwa ƙasa, na goge ta biyun, na sa Whisker Menu don a riƙa neman manhaja da suna. Madannan Hausa ma sai da na ƙara wani ɗan maɓalli a sandar kafin sauyawa ta yi sauƙi. Daga nan ban sake jin kira ba. Na'urar tana tashi da wuri, abin da ba ƙaramin abu ba ne ga mai kunna janareta sau huɗu a rana, kuma furojet ɗin nan mai shafi tamanin yana buɗewa ba tare da mun tsaya kallon juna da mai shi ba.

Ashe su kansu mutanen Debian sun taɓa wannan kai-kawo. A ƙarshen 2013 sun mayar da Xfce ya zama na farko a bugun da suke shiryawa, sai a watan Satumba na 2014 suka koma GNOME kafin Debian 8 ya fito a 2015. Cikin dalilansu har da masu larurar gani, domin manhajar Orca da ke karanta wa makaho abin da ke allo ta fi zama daidai a GNOME. Da ƙanina ya gaya mini haka sai na rage mita. Ni sauri nake nema don layi ya ragu. Su kuwa suna tunanin wanda in ya kunna na'ura bai ji murya ba, ko fara aiki ba zai iya ba.

Duk da haka, mai tsohuwar na'ura wanda hannunsa ya saba da Windows, in ya kai shafin nan na zaɓen fuskar aiki ya dakata ya sa wa Xfce alama. Mai RAM gigabait 8 ko fiye, musamman in allonsa na taɓawa ne, ya bar GNOME ɗinsa. KDE Plasma kwana ɗaya kawai na yi da shi, saitunansa sun yi mini yawa.

Yanzu biyu na kan Xfce, ta ukun da nake lissafi da ita da dare na bar mata GNOME. Yarona kuwa har yau bai yafe wa ɓeran da ke jikin tambarin Xfce ba, wai a shagon takarda ba a maraba da ɓera.