Gargaɗi: ku yi hattara da mai sayar da "Windows 11 ta tsofaffin kwamfutoci"

Jama'a salamu alaikum. Na daɗe ina jan ƙafa kan rubuta wannan saboda kunya, don gaskiya da hannuna na jawo wa kaina, amma jiya na ga mutumin ya sake liƙa tallansa a wani guruf da sabon suna da sabon hoto, har mutane na ta tambayarsa "malam ya ake yi", shi ne na ce a'a bari in fasa ƙwai kowa ya ji.

Ina da wata tsohuwar kwamfutar tebur, Core i3 ce ƙarni na uku, ram 4GB, da had dis irin mai juyawan nan da ke ƙara kamar tsohuwar fanka. Ta yi min aiki shekara da shekaru ba ta taɓa ba ni kunya ba. Tun da Microsoft suka daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025 hankalina bai kwanta ba, na sauke manhajarsu ta PC Health Check, ta duba ta ce min ƙiri-ƙiri kwamfutar ba ta cancanci Windows 11 ba. Kuma ba ƙarya ta yi ba, Windows 11 tana neman TPM 2.0 da Secure Boot, wato wasu matakan tsaro da ake ginawa a jikin injin, firosesa kuma in Intel ce sai daga ƙarni na 8, in AMD ce sai daga Ryzen 2000. Tawa ko ƙofar gidan ba ta je ba.

Ina cikin wannan hali na ci karo da tallan. Wai yana da Windows 11 ta musamman da aka gyara don tsofaffin kwamfutoci, ba ta cin ram, ba ta neman TPM, ga lasin na har abada, kwamfutarka za ta dawo kamar yau aka ciro ta daga kwali. Har da bidiyo ya saka na wata tsohuwa da ke tashi cikin 'yan daƙiƙoƙi, da hotunan godiyar kwastomomi rututu. Na yi masa magana, bakinsa kamar zuma, yallaɓai kaza yallaɓai kaza, ya ce in tura rabin kuɗin tukuna, na tura. Ya aiko min link na wani shafin ajiye fayiloli, ya ce in sauke in ɗora a filas da Rufus, manhajar da ake zuba Windows a filas da ita, in yi wa kwamfutar fomat. Bayan ta hau sai ya ce saura kunna lasin, kuma wannan sai shi da kansa, in saka AnyDesk, manhajar da ke ba wani damar sarrafa kwamfutarka daga nesa, in ba shi lambar. Na ba shi. Ina zaune ina kallon maus ɗina yana yawo shi kaɗai, baƙaƙen tagogi na buɗewa suna rufewa, ni kuma ina ta cewa a raina kai wannan ya san aiki. Na cika masa sauran kuɗinsa har da addu'a.

Kuma abin da ya fi cin mutum, kwana ukun farko kwamfutar ta yi sauƙi da gaske, har na fara tunanin in tura masa wasu. Daga nan fanka ta fara ihu ko ba na komai, akwatin ya yi zafi, in na buɗe Task Manager sai in ga firosesa ta cika sannan nan take ta sauka kamar an ga mai gida ya shigo. Sai saƙo ya shigo wayata wai an shiga imel ɗina daga wata ƙasa, washegari wani abokina ya kira ni yana tambaya lafiya kuwa, ashe daga Facebook ɗina ake ta tura wa mutane saƙon neman taimakon kuɗi wai ina asibiti. Duk faswod ɗin da na ajiye a burauza an kwashe.

Ƙanena ne ya zo ya duba, shi ya karanci harkar. Bai yi minti biyar ba ya juyo ya ce "Yaya, wa ya ɗora maka wannan?" Windows Security babu ita kwata-kwata, ba kashe ta aka yi ba, cire ta aka yi. Windows Update an toshe, ko ka danna ba abin da zai faru. To ka ga asalin sauƙin da nake murna da shi ke nan, an cire masu gadi an bar gida a buɗe dole ya yi shiru. AnyDesk ɗin kuma mutumin ya saita masa shiga ba tare da neman izini ba ya sa faswod nasa, wato duk lokacin da kwamfutar ke kan intanet yana iya leƙowa. Lasin na har abada fa? Ƙanena ya rubuta umarnin duba lasin, slmgr /xpr, sai ga ranar ƙarewa ta fito, ya rubuta slmgr /dli aka ga VOLUME_KMSCLIENT, irin kunnawar da aka tanada don manyan ma'aikatu ce, kwana 180 take yi sai an sabunta, su kuma ɓarayi suna juya ta zuwa wata sabar tasu. Har abadan nasa wata shida ne.

Da na fara bincike sai na samu wani bawan Allah da shi ma ya faɗa hannunsa, nasa ma ya fi ban dariya da ban haushi, shi ko Windows 11 ɗin ba a ba shi ba, Windows 10 ce aka yi wa kwalliya, aka kawo maɓallin Start tsakiya aka canza hoton bango. Wannan kowa na iya dubawa, ka danna maɓallin Windows da R ka rubuta winver, Windows 11 lambar gininta daga 22000 take farawa, in ka ga 19045 to Windows 10 ce ta sha hoda.

Kuma ba sabon salo ba ne, ni ne dai ban sani ba. A 2022 masu binciken tsaro na HP sun gano wani shafin bogi da ya kwaikwayi na Microsoft yana ba da "Windows 11", ashe RedLine ce a ciki, manhajar satar faswod. A 2023 kuma kamfanin Doctor Web ya ba da rahoton wasu Windows 10 na sata da ake yaɗawa da ɓarawo a ɓoye a sashen EFI na dis, ƙaramin sashen da kwamfuta ke tashi daga shi, aikinsa in ka kwafi adireshin walet ɗin kirifto sai ya musanya da na mai shi. Matsalar Windows ɗin da wani ya buɗe ya gyara ke nan, ba ka san me ya cire ba, ba ka san me ya zuba ba, kuma antibairos ɗin da za ka saka daga baya a kan gurɓataccen tushe zai zauna.

Abin da ya fi ƙona min rai, abin da na biya kuɗi a kai kyauta ne. Fayil ɗin Windows 11 yana nan a shafin Microsoft kowa ya sauke, har da lambar tantance fayil ta SHA-256 da za ka gwada da umarnin Get-FileHash ka tabbatar ba a taɓa shi ba, shi kuma Rufus ɗin da ya sa na yi amfani da shi yana da wajen da za ka yi tik ya tsallake maganar TPM da Secure Boot, ba sai wani gwani ba. Sai dai ka sani su Microsoft sun faɗa ba su ɗauki alkawarin afdet ga kwamfutar da ba ta cika sharuɗɗa ba, kuma tsallake sharaɗi ba ya ƙara wa inji ƙarfi, 4GB ɗinka tana nan 4GB. Masu tsohuwar firosesa Core 2 Duo kuwa ku ma daina wahala, daga fitowar 24H2 Windows 11 tana buƙatar wasu umarnai da ake kira POPCNT da SSE4.2 a cikin firosesa, naku ba shi da su, ba za ta ma tashi ba. Duk wanda ya ce zai ɗora muku sabuwar a kai, ko dai tsohuwa zai ba ku ko kwalliya.

Wanda ya riga ya faɗa, ga yadda muka yi. Mun zare wayar intanet tukuna, na canza faswod ɗina duka daga waya ba daga kwamfutar ba, na fara da imel don shi ne uwar sauran, na kunna tabbatarwa mai mataki biyu, na fitar da duk na'urorin da ke ciki, na kira banki na kuma ba abokai haƙuri ɗaya bayan ɗaya, wannan ya fi komai nauyi wallahi. Takardu da hotuna kawai muka kwashe, ba mu ɗauki ko manhaja ɗaya ba. Sannan wajen fomat ba C kaɗai muka goge ba, duk sassan dis ɗin muka share har ƙananan nan da mutane ke tsallakewa.

Yanzu Linux Mint ce a kanta, wata manhajar kyauta da ke maye gurbin Windows, na sa mata SSD, wato dis mai sauri da ba ya juyawa, kuma in faɗa muku gaskiya SSD ɗin nan shi ya kawo saurin da nake nema tun farko, ina zargin ma ta cikin bidiyonsa abin da ke cikinta ke nan. Rubutu, intanet, kallo, duk tana yi. Wanda kuma dole sai Windows saboda wata manhajar aiki, Microsoft sun fitar da tsarin ESU da suka ce zai ba Windows 10 afdet na tsaro har 13 ga Oktoba 2026, a cikin setin na Windows Update ake shiga, ba ta hannun wani ba.

Shi kuwa mutumin, ranar da na tura masa hoton ranar ƙarewar lasin ya karanta ya yi min bulok. Sunan ya canza amma kalaman tallan suna nan yadda suke, "ba ta cin ram, lasin na har abada", da bidiyon nan dai na farko, kuma har yanzu sai ya ce a saka masa AnyDesk. Na yi rifot ɗin sabon akawun ɗin sau biyu bai sauka ba tukuna, in ya faɗo muku a guruf don Allah ku taya ni dannawa.