Dodon robar Japan da na yi oda na fenta da kaina, ya ci kuɗinsa amma akwai magana

Jama'a wannan dodon roba da mutanen Japan ke kira sofubi, wanda bai taɓa riƙe shi a hannu ba zai ce ai abin wasan yara ne, to kamar na yaran yake amma kuɗinsa ba na yara ba ne wallahi. Na jima ina tara ƙanana irin na akwatin sa'a ɗin nan da ba ka san me ke ciki ba sai ka farke, na kuma fenta Munny a baya, wato wani farin mutum-mutumin roba da ake sayarwa don mutum ya fenta da kansa, sai wannan karon na ce bari dai in taɓa na asalin in ji me ake ta yabo. Na yi odar guda ɗaya fari fat wanda ba a shafa masa komai ba daga wurin wani mai sassaƙa da ke aiki shi kaɗai a Tokyo, tsayinsa wajen santimita 23, ido uku, ƙaho ɗaya a tsakiyar ka, jikin duk gargada da ƙuraje, ga wutsiya mai kauri da yake dogara da ita in ya tsaya.

Sayen ma kansa aiki ne. Yawancin masu yin irin wannan ba kanti gare su ba, kaɗan suke zubawa su sanar, wani lokacin ma ƙuri'a ake yi ka sa sunanka in ka ci sannan a ba ka damar biya, wasu kuma sai a taron Wonder Festival da ake yi sau biyu a shekara a Makuhari Messe can Chiba za ka gansu da kayansu a tebur. Kuma da yawansu ba sa turo kaya waje, dole ka bi ta kamfanin dillalai da za su saya maka su karɓa a adireshinsu na Japan sannan su turo. Wanda na bi ta hannunsu dai sun kawo kayan, amma caji kan caji, kuɗin saye daban, na ajiya daban, na sake naɗewa daban, kafin ya iso hannuna kuɗin hanya ya kusa kamo kuɗin dodon kansa, kuma kwalin ya zo a lotse ta gefe ɗaya. In za ka yi oda ka haɗa kai da wani ku tara kaya a kwali guda, turo guda ɗaya tilo asara ce kawai.

Babu wani akwati mai ƙyalli fa. Leda ce kawai aka sa shi a ciki, aka naɗe bakinta da ɗan kati mai zanen dodon aka buga masa ƙusar sitefula, shi ke nan. Haka suke sayar da shi tun da can, kuma masu tarawa ba sa yar da katin nan don in za ka sayar wata rana sai an tambaye ka shi. Nawa ya ɗan lanƙwashe saboda lotsewar kwalin, abin ya sosa min rai kaɗan.

Da na ciro shi hannun dama ya karkace ya manne da ciki, zafin hanya ne da matsi. A nan na fara ganin bambancin robar. Na kunna masa dirayar gashi na ɗan lokaci, ina kallo hannun ya yi laushi ya koma yadda aka zuba shi da kansa ba tare da na ja ba, na tsoma shi a ruwan sanyi ya tsaya cak. Robar tana da kauri amma in ka matsa tana bi, ba ta da layin haɗi a gefe irin na kayan wasan kasuwa, kuma in ka haska ta da fitila hasken na ɗan shiga ciki. Tana da wani wari nata da wasu ke so, ni dai sai da na shanya shi a inuwa ya sha iska.

Abin da ya sa take haka yadda ake yin ta ne, kuma shi ne ainihin abin da kake biya wa kuɗi. Mai sassaƙa zai fara da yumɓu, a mayar da siffar ta zama ta kakin zuma a gyara ta tsaf, sannan a tsoma kakin a wani ruwan sinadari a sa lantarki jan ƙarfe ya riƙa taruwa a jikinsa a hankali har ya yi kauri, a narkar da kakin ya fita, abin da ya rage shi ne mazubin. Duk wani ɗan ƙurji ko zanen farce da ke jikin kakin yana nan a cikin ƙarfen. Sai a zuba ruwan roba a ciki a cire kumfar iska, a tsoma mazubin a tukunya mai zafin da ya kai wajen digiri 200, robar da ke manne da bango ta fara kamawa, a juye sauran, a sake dafawa, a sanyaya kaɗan sannan mutum ya sa filaya ya fizgo ta tun tana da ɗumi ta ƙaramar kafa. Ɗaya bayan ɗaya, kai daban hannu daban, da hannun mutum. Ƙananan masana'antun da ke wannan aikin da yawansu a gabashin Tokyo suke wajen Katsushika, kuma ba su da yawa, shi ya sa mai zane zai jira layi wata da watanni kafin a zuba masa. Da na leƙa cikin gangar jikin nawa na ga inda robar ta fi kauri ta ƙasa, alamar yadda aka juye ta.

Abin kuwa ya daɗe. Kamfanin Marusan ne ya fara fitar da dodannin roba a 1966, Godzilla da na shirye-shiryen talabijin ɗin Ultra Q da Ultraman, yen 350 guda, yara na wasa da su a ƙasa da wurin wanka. Marusan ya karye a 1968, kamfanin Bullmark ya ɗora daga 1969. Yaran wancan lokacin da suka girma su ne suka koma neman na yarintarsu da tsada, daga nan masu zane suka fara ƙirƙiro nasu dodannin da ba su cikin kowane fim. A gefe guda kuma aka samu masu zane da kamfanonin da ke yin kayan wasan da manya ke tarawa, irin su Michael Lau a Hong Kong da KAWS da ya fitar da mutum-mutuminsa Companion a 1999, sai Be@rbrick na Medicom a 2001, sai Kidrobot na Paul Budnitz a Amurka da Dunny a 2004 da Munny a 2005. Labubu, ɗan dodon wasan nan da ya cika duniya, jikan waɗannan ne.

To fenti, nan ne rigimar take. Kafin komai na ɗumama gaɓoɓin da diraya na zare kai da hannaye da wutsiya, kar ka kuskura ka ja shi da sanyi don bakin zai iya yagewa, na wanke su da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke saboda akwai maiƙo a jiki, na bar su suka bushe sarai. Mutanen Japan V-Color suke amfani da shi, fenti ne da ke ɗan cin saman robar ya zama jiki ɗaya da ita, ko ka lanƙwasa ba ya tsagewa. Matsalar shi ne yana kama wuta, ba a yarda a sako shi a jirgin sama, don haka mu nan sai dai mu ji labari. Na san abin da zai fara zuwa ran mutum shi ne ya je shagon kayan gini ya sayo fentin mai ko na gwangwanin feshi. Na ɗiga irin wannan a tafin ƙafar dodon don gwaji inda ba a gani, har yau in ka taɓa wurin danƙo yake kamar alewar da ta kwana a aljihu. Sinadarin da ke sa robar laushi shi ke hana fentin mai bushewa, kuma ba ranar da zai bushe, ko shekara za ka jira. Duk abin da za ka shafa ka fara gwada shi a tafin ƙafa ko cikin wuya.

Fentin akirilik na ruwa na yi amfani da shi, irin na masu zane. Ya zauna lafiya amma sai ka bi shi da haƙuri, siriri-siriri, ka bari ya bushe ka ƙara. Na fara da feshin kore mai duhu a baya da gefen cinyoyi na bar cikin da farinsa, don salon tsofaffin dodannin ke nan, ba sa rufe robar duka, feshi ne nan da can launin ya narke cikin na roba. Bayan nan na tsinka ruwan ƙasa-ƙasa sosai na kwarara a jikin ya shige cikin ramukan gargadar na goge saman da tsumma, sannan na ɗauki busasshen buroshi da ɗan rawaya kaɗan na riƙa shafawa sama-sama, kai jama'a a nan ne aikin mai sassaƙar ya fito, wasu ƙananan jijiyoyi a wuya da tabo a ƙarƙashin ido na uku da ban ma lura da su ba yana fari, duk suka tashi. Haƙora azurfa, idanu ja da ɗigon baƙi da na sa da tsinken sakace. Ban ƙware ba amma gargadar jikin tana rufa asiri, duk inda hannunka ya yi rawa sai ya zama kamar da gangan ne. Munny kuwa sumul yake, kowane layin buroshi sai ya nuna, amma shi alƙalamin fenti na Posca na tafiya a kansa da kyau, a kan dodon nan kuwa bakin alƙalamin ba ya shiga lungu.

Lokacin hunturu na yi aikin kuma ban ba kowa shawarar haka ba sai in yana da ɗaki mai rufuwa. Fentin na bushewa a bakin abin feshin kafin ya fita, sai ka yi ta tsayawa kana gogewa, ga ƙura da ke sauka kan ɗanyen fenti, na koma kifa masa babban kwali duk sanda na gama shafa. Ga wuta kuma, kwamfuresa mai ba abin feshin iska na tsaka da aiki a ɗauke.

Inda akirilik ya gaza shi ne gaɓoɓi. Da na sake ɗumamawa na mayar da hannayen, na juya sau kaɗan, fentin hammata ya goge har farin ya fito, duk da na bi shi da abin kariya marar ƙyalli. Don haka nawa ya zama na ajiya, na zaɓa masa tsayuwa ɗaya na bar shi. Na kuma ƙara masa ƙananan ƙahoni biyu a kafaɗa da yumɓun ifoksi mai haɗi biyu, wanda kake murzawa ya daskare da kansa zuwa washegari, na ɗan kankare wurin da sanfefa tukuna don ya kama. Yumɓun da sai an gasa a oben ban yarda in kai shi kusa da wannan robar ba, ta yi laushi da yawa.

Zafinmu ma abin lura ne. Da bazara ta shigo na ga ya fara ɗan rusunawa gaba da rana don ƙafafun na yin laushi kuma kan na da nauyi, sai na zare ƙafafun na cusa takarda a ciki ya miƙe. Kar a bar shi a mota, kar a ajiye shi jikin taga rana za ta mayar da farin rawaya, kuma kar a ƙulle shi a leda shekara da shekaru don maiƙon nan zai fito ya yi danƙo, iska yake so da inuwa.

Hajiyarmu da ta gan shi cewa ta yi wannan wane irin gunki ne kuma ka kwaso mana. Na san da yawa za su yi wannan tambayar ta ajiye mutum-mutumi a gida, ni ba fatawa na zo bayarwa ba kowa ya tambayi malaminsa, nawa dai a kabad ɗin ɗakin aikina yake.

Masu tunanin za su saya su fenta su sayar da riba, ku cire wannan a rai. Farin da ba a taɓa ba, a ledarsa da katinsa, ya fi wanda ni da kai muka fenta daraja a kasuwa, sai in kai sananne ne da ake bin aikinka. Jabu kuma sun yi yawa, ba Labubu kaɗai ake kwafa ba, duba tambarin mai zanen a tafin ƙafa ko bayan jiki, in rubutun ya dushe ko robar ta yi tauri da sheƙi ko farashin ya yi daɗi fiye da kima to ka ja baya.

Ni a wurina ya ci kuɗinsa, saboda robar da kuma sassaƙar, ban taɓa jin daɗin fenta wani abu kamarsa ba. Amma wanda bai taɓa riƙe buroshi ba ya fara da Munny ko wani fari mai araha ya saba da tsinka fenti tukuna, don in hannu bai faɗa ba ka ɗora akirilik mai kauri ka cike ramukan nan to ka binne abin da ka biya kuɗi dominsa. Abin da har yanzu bai min ba shi ne wutsiyar, tun zuwansa ta ɗan yi sako-sako tana juyawa da kanta in an ɗaga shi, na naɗa mata farin tef ɗin masu gyaran famfo a bakin gaɓar ta kama, amma a kuɗin da na biya bai kamata a ce ni ne zan yi wannan gyaran ba.