Yawon buɗe ido a Madrid: wane tikiti ya kamata ɗalibi ya saya?

Ɗan'uwa idan karatu ya kawo ka Madrid, kafin ka ciro ko yuro ɗaya a aljihu don yawo, fara duba shekarunka. Wallahi nan maganar take. Wanda bai kai 26 ba da wanda ya wuce, lissafinsu ba ɗaya ba ne ko kaɗan, kuma ni ban san haka ba sai da na riga na yi asara.

Satina na farko na ga jar bas ɗin nan mai hawa biyu ta 'yan yawon buɗe ido, na biya sama da yuro 20 na hau sama ina ta ɗaukar hoto, rana tana dukana, abin sauraro a kunne yana ta bayanin da rabi ban kama ba. Daga baya na gane duk wuraren da muka bi, Puerta del Sol, Plaza Mayor, Gran Vía, fadar sarki, da ƙafa ma ana zagaye su a yini ɗaya. Bas ɗin ta mai kwana biyu ce a gari ko wanda ya zo da dattijo mai ciwon gwiwa, ba ta ɗalibin da zai yi shekara ba.

To maganar abin hawa, zaɓi uku ne a gabanka. Akwai tikitin tafiya 10 da ake lodawa a katin Multi, katin kansa yuro 2.50, yana aiki a metro da bas na cikin gari, kuma ku biyu ko uku za ku iya amfani da kati ɗaya, amma idan za ka filin jirgi da metro sai ka ƙara yuro 3. Akwai na 'yan yawon buɗe ido na kwana 1 zuwa 7, ka hau iya son ranka, wannan ka ajiye shi don ranar da baƙi suka zo maka daga gida. Sai kuma Abono Joven na masu ƙasa da shekara 26, asalin kuɗinsa yuro 20 na kwana 30, wani lokacin ma gwamnati kan rage, kuma ya haɗa duk shiyyoyi, metro, bas, jirgin ƙasa na kewayen gari wato Cercanías, har filin jirgin ba ƙari. Wannan babu gasa. Matsalarsa kawai kati ne mai sunanka da hotonka, sai ka nema tukun, don haka ka yi rajistar adireshinka ta padrón da wuri, ka tanadi fasfo da hoto. Wanda ya haura 26 kuwa ya zauna ya ƙirga, idan kusa da makaranta kake kwana, tikitin tafiya 10 ya fi maka sauƙi.

Gidajen tarihi nan ne mutane suka fi zubar da kuɗi a banza. Ana sayar da tikitin haɗaka mai suna Paseo del Arte, ya haɗa Prado da Reina Sofía da Thyssen, wajen yuro 30 da ɗoriya, shiga ɗaya ɗaya. Ragi ne ga babban mutum mai sauri, amma ɗalibi mai shekara 18 zuwa 25 kyauta yake shiga Prado idan ya nuna katin makaranta, alhali tikitin yuro 15 ne, Reina Sofía ma haka take yi wa ɗalibai. Ko ka wuce shekarun akwai awa biyun ƙarshe kyauta a Prado, 6 zuwa 8 na yamma Litinin zuwa Asabar, Lahadi 5 zuwa 7, Thyssen kuma Litinin da rana. Sai dai layin, kai, layin sai mai haƙuri, gara ka je minti 40 kafin lokaci. Kuma kada ka ce za ka cinye Prado a zuwa ɗaya, ka je ka tsaya gaban zanen Las Meninas na Velázquez ka fita, wani satin ka dawo wajen zane-zanen Goya. Guernica na Picasso, wanda ya zana a 1937, yana Reina Sofía, ranar Talata a rufe suke kar ka sha wahalar zuwa.

Bernabéu, filin ƙwallon Real Madrid, fa? Na san rabinmu don shi muke son garin. Zagayen cikin filin tsada ne da shi, ya fi duk gidajen tarihin nan, amma idan zuciyarka na wurin ka biya sau ɗaya ka ga kofunan ka huta, layi na 10 na metro zai sauke ka a bakin ƙofa. Ka saya a shafin kulob ɗin, ba a hannun masu tare mutum a titi ba.

Garin Toledo kuwa jirgin ƙasa daga tashar Atocha kamar rabin awa ne amma sai ka biya, bas daga Plaza Elíptica wajen awa ɗaya kuma Abono Joven na kai ka. Ni bas nake bi. Can akwai ɗan ƙaramin masallacin nan na shekarar 999 da yanzu ake kira Cristo de la Luz, bulo ne ja, ciki ko mutum 30 da ƙyar.

Wurin da na fi komawa a Madrid ko sisi ba a biya. Bayan cocin Almudena akwai ragowar ganuwar da aka gina zamanin sarki Muhammad na ɗaya na Kurɗuba a ƙarni na 9, lokacin sunan garin Mayrit. Mutane na wucewa ba su ko kallo. Daga nan nake takawa zuwa Templo de Debod, tsohon wurin bautar da Masar ta ba da kyauta a 1968, in ga faɗuwar rana, sannan in gangara Lavapiés in ci shinkafa da kifi a wajen 'yan Sanagal, jakata dai a gaba saboda 'yan sane.