Takunkumin N95 mai igiya ta bayan kai, ga abin da na gani

Jama'a ni dai cikin duk kayan kariyar da na yi amfani dasu tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annoba a watan Maris 2020, wanda zan iya bugun ƙirji in ce ya min aiki shine N95 mai igiya biyu da ake zagayowa ta bayan kai. Na sa na yadi, na sa shuɗin nan na asibiti, na sa KN95, irin na China mai rataya a kunne, amma lokacin da jinyar mahaifiyata ta kama ni muna ɗaki ɗaya tana tari dare da rana sai na koma wannan, kuma har yau shi nake ajiyewa.

Abin da ya fi burge ni shine yadda yake kama fuska. Shuɗin asibiti kana sawa zaka ji iska na fita ta gefen kumatu, in kana sa tabarau kuwa nan take gilashin zai yi hazo, to duk inda iska ta samu hanyar fita ai ta nan take shigowa ba tare da an tace ta ba. Shi wannan akwai ɗan ƙarfe a saman hanci da soso a ciki, in ka danna ƙarfen da yatsun hannu biyu ya bi shatin hancinka, igiya ɗaya a saman kai ɗaya a ƙeya ƙasan kunne, shikenan ya zauna daram. Gwajin da nake yi kullum kafin in shiga ɗakin, in rufe shi da tafin hannuwana in fitar da numfashi da ƙarfi, in naji iska na taɓa idona ko haɓata sai in sake gyarawa. Lambar 95 ɗin nan ma'anarta yana tace aƙalla kashi 95 cikin 100 na ƙananan ƙwayoyin da ke yawo a iska, amma fa sai in iskar ta bi ta jikin takunkumin, shi yasa masu gemu nake tausaya musu don gashi baya bari ya manne, ko ɗan tsiron gemu ma yana buɗe kafa.

Sai dai gaskiya yana da wahala, ba zan ɓoye ba. Igiyar tana matsewa, in ka daɗe da shi zaka cire ka ga shati a kumatu da karan hanci, ga gumi in ana zafi, ga magana bata fita sosai har sai na ɗaga murya kafin Mama ta ji ni. Akwai kuma waɗanda robarsu ta tsinke min tun ban gama morarsu ba. Kuma don Allah kar a wanke shi ko a fesa masa sanitiza, zaren cikinsa yana ɗauke da wani caji na lantarki da ke janyo ƙwayoyin, sabulu da alkohol suna kashe cajin, sai ya koma kamar rariya kana ganinsa lafiya lau. In ya jiƙe ko ya yi datti ko igiya ta saki, a yar.

Jabu kam sun cika kasuwa. Na gaske zaka ga an buga NIOSH, sunan hukumar Amurka mai tantance shi, a jikinsa da lambar da ta fara da TC da sunan kamfani. Hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka a Amurka ma ta ce kusan kashi 60 na KN95 da aka gwada a 2020 da 2021 basu kai matsayin da aka rubuta musu ba, abin nan yana min ciwo don mutum ya sa yana ganin ya tsira. In FFP2 na Turai ko KF94 na Koriya ta Kudu ka samu suma suna tace kashi 94, ka dai duba ya kama fuskarka. Mai bawul ɗin nan a gaba, wato 'yar ƙofar fitar da numfashi, ban saye shi ba, don numfashinka yana fita ba tacewa, ni kuma kare mara lafiya nake so.

Safar hannu bata min wani amfani ba sai wajen kwashe tishu da wanke kayan Mama, sauran lokaci wanke hannu da sabulu nake yi kafin in sa takunkumin da bayan na cire shi ta igiya ba tare da na taɓa gabansa ba. Duk mai jinya a gida ko mai shiga cunkoso lokacin annoba, wannan zan ce ya nema, kuma in girman farko bai zauna masa ba ya gwada wani samfurin don fuskoki ba iri ɗaya ba ne.