Kibiya ko igiyar saje: me aka zana a bakin titin jirgi?

Ɗan'uwa daga Maradi ya tura hoton tauraron ɗan'adam na wani filin jirgi, yana tambaya: a wannan bakin titin fararen kibau ne, a wancan kuma zane mai kama da igiyar saje, shin duk abu ɗaya suke nufi? A'a malam, da bambanci.

Kibiya fara ce, tana da jela, jere suke bisa tsakiyar titi har su kai ga farin layin da ya gitta, mai kaurin mita 1.8 ko fiye. Nufinta an matsar da wurin sauka gaba, galibi don akwai itace, gini ko falwaya a hanyar shigowa. Kwaltar wurin lafiyarta ƙalau: jirgi na iya fara gudun tashi a kanta, wanda ya sauka daga ɗayan bakin ma ya ƙarasa tsayawa a nan. Dirar ce kawai aka hana.

Igiyar saje kuwa ruwan ɗorawa ce, ba jela, ta kusa cin faɗin titin duka. Nan ba tashi, ba sauka, ba wucewa. An shimfiɗa wurin ne don kada iskar inji ta kwashe ƙasa, ko don jirgin da ya fasa tashi ya samu inda zai tsaya.

Launi dai kada ka yarda da shi ɗari bisa ɗari. Rana da ƙurar hunturu kan kashe fenti, ɗorawa ta fito fari-fari a hoto. Nemi jela. Sannan ka bi baƙin dabbaren taya: sai bayan farin layin nan yake yin duhu, inda jirage ke dira.

In ka ga babban X fari a kan titin, maimaice kowane mita 300 ko ƙasa da haka, titin a rufe yake. Sai dai hoton na iya zama tsoho, a duba kwanan watansa a Google Earth tukuna.

Dogayen fararen ratsin da ke kusa da lambar da aka rubuta a bakin titin kuwa faɗin titin suke faɗa: ratsi 8 na nufin mita 30, 12 mita 45. Lambar ita kanta alƙibla ce a kamfas, an cire sifilin ƙarshe. A filin Diori Hamani na Yamai, 09 na kallon gabas, 27 yamma.