Ƙugiyar da ke kan sunana

Kwanana goma da sauka Jamus na tafi ofishin rajistar mazauna, don dokarsu ta ba wanda ya tare sabon gida mako biyu ya kai kansa a rubuta. Na cike fom, na miƙa wa matar da ke bayan tebur, wata dattijuwa mai tabarau a kan karan hanci. Ta dubi fasfo, ta dubi fom, ta sake duban fasfo. Sai ta ɗora bakin biro a kan harafin farko na sunana. A fom na rubuta Ɗ da ƙugiyarta, yadda aka koya mana tun firamare. A fasfo kuwa D ce zalla. Ta ce wanne ne daidai?

Na yi 'yar dariya na ce ai duk ɗaya ne. Jama'a, da ma ban faɗa ba. Ta jawo guntun takarda ta rubuta schon, a ƙarƙashinsa schön, ta nuna mini ɗigo biyun nan. Na farko "tuni", na biyu "kyakkyawa". Ta ce a harshenku ƙugiyar ba ta sauya ma'ana? Nan take kare da ƙare suka faɗo mini a rai, ga kura da ƙura, ga baki da baƙi. Na ce tana sauyawa. Ta ce to yaya za su zama ɗaya? Kunya ta rufe ni. Baturiya ce ke kare mini harafina, ni mai abin na sayar da shi a banza. Ƙarshe dai abin da ke fasfo ta shigar, don shi ne ƙa'ida.

Da na je sayen kwamfuta na ƙara gane mutanen nan. Ä, Ö, Ü da ß kowanne da maɓallinsa, ba sai ka yi dabara ba. Har Z da Y sun musanya musu gurbi saboda sun fi amfani da Z. Wata guda ina rubuta "zaza" a madadin "yaya", ina tsaki ni kaɗai. Amma gaskiya ɗaya ce: na'urar ce aka lanƙwasa ta bi harshen.

Labarin ß ɗin ma abin ji ne. Da can ba ta da babban baƙi, sai a sa SS. To "in Maßen" na nufin daidai wa daida, "in Massen" kuma tuli guda, kun ga idan likita ya rubuta da manyan baƙaƙe ba ka san ko ka rage ko ka ƙara ba. A 2017 hukumar daidaita rubutunsu ta amince da babbar ẞ. Gyaran ƙa'idojin rubutu na 1996 kuwa sai da rigimarsa ta kai kotun tsarin mulki a 1998. Kotu fa, a kan rubutu!

Mu kuma fa? Ƙugiyoyin nan suna tare da mu tun shekarun 1930. Suna cikin waya, Gboard, manhajar rubutu ta waya, na da Hausa, saukewa kawai za ka yi. Amma ƙanena ya turo mini saƙo wai "mun yi baki, kudi sun kare". Na ce masa Allah ya raba mu da karen da ke cin kuɗi, ya ce Yaya ai ka gane. Wannan "ai ka gane" ita ta kashe mu. Mai rubuta allon shago, mai buga katin biki, har wasu manyan jaridu, kowa ya jefar da ƙugiya ya bar mai karatu da canka.

Kada ku ɗauka nan aljanna ce. Komai sai wasiƙa. Banki zai aiko katin cirar kuɗi a ambulan ɗaya, lambar sirri a wata bayan kwanaki, kai kana zaune hannu rabbana. Har yau akwai masu neman a turo musu takarda ta na'urar fax. Wani shagon ka miƙa kati ya ce sai tsaba. A irin wannan lokaci nakan tuna yadda a gida za ka tura kuɗi ta waya, kafin ka mayar da ita aljihu mai kaya ya ce ya ga alat, sai kewa ta taso mini.

Kuma idan babu sunanka a jikin akwatin wasiƙa, ɗan gidan waya komawa zai yi da takardarka. Mai kula da gidanmu ya buga mini suna ya liƙa, da D ba ƙugiya. Na ɗauko biro na ƙara mata ita da hannuna. Bayan kwana uku na sauko na tarar ya cire, ya liƙa sabuwa fes. Da muka haɗu a matakala ya ce in yi haƙuri, yara ne suka ɓata mini suna da biro.