Sharhi kan ƙwayar Cosequin DS Plus MSM bayan wata shida ina bai wa karen gidanmu

Karen da ke gadin gidanmu a Kaduna, wanda yara suka laƙaba wa suna Duna, jinsin Jamus ne, irin manyan nan da aka fi sani da Alseshiyan, kuma yau shekararsa tara a hannunmu. A hunturun da ya wuce na fara lura cewa idan na fito da asuba sai ya daɗe yana kici-kicin miƙewa, yana jan ƙafafunsa na baya kamar an ɗaure su, kuma jikinsa ba ya saki sai hantsi ya dubi ludayi. Da farko na ɗauka sanyi ne kawai, domin a kan siminti yake kwana. Da sanyin ya wuce amma ɗingishin bai wuce ba, sai na kai shi wurin likitan dabbobi. Likitan ya fara da awon jini don ya tabbatar ba cutar da kaska ke jawowa ba ce, tunda ita ma tana kawo kasala da ciwon gaɓoɓi, sannan ya ɗauki hoton ƙashin ƙugunsa. Hoton ya nuna amosanin gaɓɓai a kwatangwalo biyun, cutar da ta zama ruwan dare ga wannan jinsi idan shekaru suka ja. Cikin abubuwan da muka yi shawarar gwadawa har da ƙwayar Cosequin DS Plus MSM, wadda ake bai wa kare kullum tare da abincinsa, kuma a kanta na rubuta wannan sharhi.

Kamfanin Nutramax Laboratories na ƙasar Amurka ne ke yin ta, kuma tana cikin ƙwayoyin gaɓoɓi na karnuka da suka fi suna a can. Abu na farko da ya gamsar da ni shi ne rubutun da ke jikin robar, domin an faɗi sunan kowane sinadari da adadinsa ba tare da kwana-kwana ba. Kowace ƙwaya tana ɗauke da miligiram 600 na gulukosamin, miligiram 300 na kondiroyitin, miligiram 250 na MSM, da ɗan manganis kaɗan. Wanda ya saba duba irin waɗannan kaya a kantin dabbobi ya san cewa wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin akwai masu yawa da za su jero sunayen sinadarai goma sha a bayan roba, su haɗe su duka ƙarƙashin awo ɗaya, ta yadda mai saye ba shi da hanyar sanin ko abin da yake nema ya kai a kira shi sinadari ko kuwa an ɗan barbaɗa ne don sunansa ya fito.

Gulukosamin wani abu ne da jikin dabba ke sarrafawa da kansa, kuma yana cikin abubuwan da ake gina guringuntsi da su, wato wannan farin abu mai santsi da ke lulluɓe da bakin ƙasusuwa don kada su riƙa gogar juna. Wanda ke cikin wannan ƙwaya daga ɓawon ƙaguwa da jatan lande ake samo shi. Kondiroyitin kuwa a cikin guringuntsin kansa yake, shi ne ke taimaka masa riƙe ruwa ya zama mai taushi, kuma na Cosequin daga guringuntsin shanu aka ciro shi. Na tsaya a kan wannan ne da gangan, domin wasu kamfanonin daga alade suke samo nasu, kuma duk da cewa kare ne zai ci, da hannunka za ka riƙa ɗaukar ƙwayar kullum, saboda haka ya kamata mai gida ya san abin da ya shigo da shi. MSM sinadari ne mai ɗauke da farar wuta, ana sa shi ne da fatan ya rage kumburi. Hikimar haɗin a fili take: a ba jiki kayan aikin da yake gyara guringuntsi da su. Tambayar da ta rage ita ce ko abin da kare ya haɗiye yana isa gaɓar da ke ciwo da yawan da zai yi wani tasiri, kuma zan dawo kan wannan.

Ta fuskar bayarwa ban sha wahala ba. Ƙwaya ce ta taunawa mai ƙamshin da kare ke so, kuma Duna yana karɓa kai tsaye, in kuma ya yi gardama sai a marmasa a cikin abinci. Bisa umarnin da ke jikin robar, karen da ya haura kilo 27 ana ba shi ƙwaya uku kullum a makonni huɗu zuwa shida na farko, daga nan a rage zuwa ɗaya ko biyu. A nan ne ya kamata mai saye ya yi lissafi tun kafin ya sa hannu a aljihu, domin roba mai ƙwaya 132, wadda take kama da za ta daɗe, ƙwaya uku kullum na kwana 42 za su cinye 126 daga cikinta. Wato robar farko tana ƙarewa ne daidai lokacin da ake sa ran fara ganin canji. Kaya ne na shigowa daga waje, farashinsa yana bin dala, kuma ba abu ne da ake saye sau ɗaya a huta ba. Wani mai kanti da na fara zuwa wurinsa ya miƙo mini robar da ta daɗe a jikin gilashi rana tana dukanta, saura wata biyu wa'adinta ya cika, sai na mayar masa na nemi wani wuri. Ina ba kowa shawara ya duba ranar ƙarewar wa'adi da hatimin bakin roba, ya kuma saya a inda ake ajiye kaya a inuwa.

Abin da na gani da idona shi ne Duna ya samu sauƙi. Zuwa wata na uku ya daina daɗewa wajen miƙewa, ya koma zagaya gida da dare kamar yadda ya saba, kuma bai taɓa yin amai ko gudawa saboda ƙwayar ba. Sai dai gaskiya ta tilasta mini in faɗi cewa ba ƙwayar kaɗai muka sauya ba. Ranar da likita ya ɗora shi a kan sikeli ya ga kilo 41, ya dube ni ya ce, "Alhaji, kafin ka kashe kuɗi kan kowace ƙwaya, ka fara rage masa kwano." Muka rage ragowar tuwo da shinkafar da ake juye masa, muka shimfiɗa masa katako da tsohon bargo ya bar kwana a siminti, yara suka riƙa fita da shi tattaki a hankali da yamma, kuma likita ya ba shi maganin rage zafi da kumburi na ɗan lokaci. Yanzu nauyinsa kilo 36 ne. Ga kuma yanayi da ya sauya daga sanyi zuwa zafi. Idan abubuwa shida, har da ƙwayar, suka taru a lokaci ɗaya, ba adalci ba ne a ɗauki yabon duka a miƙa wa wanda ya fi tsada.

Wannan ne ya sa na koma na bi abin da masu bincike suka gano, kuma abin da na samu ya rage mini ɗoki. Akwai gwajin da aka wallafa a 2007 wanda ya nuna karnukan da aka ba gulukosamin da kondiroyitin sun samu sauƙi zuwa kwana na 70, amma karnukan ba su da yawa, kuma waɗanda aka ba maganin kumburi na asibiti sun riga su samun sauƙi. A 2022 masu bincike a Jami'ar Montiriyal ta Kanada suka tattara gwaje-gwaje masu yawa da aka yi kan ƙarin abincin karnuka da kyanwowi masu amosanin gaɓɓai, suka auna ingancin kowanne, suka yanke cewa haɗin gulukosamin da kondiroyitin bai nuna tasiri wajen rage ciwo ba, alhali man kifi mai sinadarin omega-3 ya nuna tasiri a fili. Hukuncin ya shafi sinadaran ne gaba ɗaya, ba kayan wani kamfani shi kaɗai ba, amma su ne ginshiƙin wannan ƙwaya. Akwai kuma wani bincike na 2012 da ya fi taɓa ni, domin da irina yake magana: an bai wa karnuka masu ɗingishi ƙwayar da babu magani a cikinta, amma kusan kashi 40 cikin ɗari na lokutan da aka tambayi masu su sai suka ce sun ga sauƙi, alhali na'urar da ke auna ƙarfin takun kare ba ta nuna hakan ba. Mai son dabbarsa, wanda kuma ya kashe kuɗi, yana ganin abin da zuciyarsa ke fata, kuma ba na cire kaina daga cikin waɗannan mutane.

Batun nauyi kuwa hujjarsa ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba. A binciken da kamfanin Purina ya ɗauki nauyi, wanda aka wallafa a 2002, an bi karnuka 48 'yan jinsin Labrado tun suna 'yan kwikwiyo har ƙarshen rayuwarsu, rabi ana ba su abinci ƙasa da na 'yan uwansu da kashi 25 cikin ɗari. Waɗanda aka rage wa abinci sun fi daɗewa a duniya da kusan shekara biyu, kuma amosanin gaɓɓai ya yi jinkirin kama su. Babu wata ƙwayar ƙarin abinci da na sani mai irin wannan shaida, kuma rage kwano ba ya cin ko kwabo.

Akwai abin da ya kamata a fahimta game da irin wannan kaya baki ɗaya. Ba magani ba ne, kuma a Amurka ba a tilasta wa masu yin sa su tabbatar yana warkarwa kafin su fitar da shi kasuwa, kamar yadda ake yi wa magunguna. Saboda haka amanar kamfani wajen zuba abin da ya rubuta tana da muhimmanci, kuma a wannan fanni ban ga abin zargi a Cosequin ba. Haɗarin da na fi jin tsoro shi ne na mutanen da za su ga tsadarta su koma kemis su sayo na mutane su bai wa kare. Wasu ƙwayoyin mutane na taunawa suna ɗauke da zailitol, abin zaƙin da ke faɗar da sukarin jinin kare ya kuma lalata masa hanta, wasu kuma suna da bitamin D mai yawan da zai cutar da ƙodarsa. Haka nan ibuprofen da farasitamol, waɗanda muke ajiyewa a kowane gida, suna iya yi wa kare mummunar illa idan aka ba shi ba da umarnin likita ba. Ko ragowar abincin da muke juye musu tana da nata haɗarin, domin albasa da tafarnuwa suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare, kuma miyarmu ba ta rabuwa da su.

Hukuncina shi ne Cosequin DS Plus MSM kaya ne mai tsabta, mai sauƙin bayarwa, wanda bai cutar da karena ba, amma bai cancanci ya zama abin farko da mai tsohon kare zai kashe kuɗinsa a kai ba. Wanda yake da hali, ya riga ya kai karensa an duba, ya rage masa ƙiba, ya gyara masa makwanci, zai iya ƙarawa da ita, muddin bai ɗauke ta a madadin maganin ciwo ba, domin kare ba ya iya faɗin inda ke masa zafi, kuma barinsa cikin ciwo da zaton ƙwaya tana aiki zalunci ne ga dabbar da ta kwana tana tsaron gidanka shekara da shekaru. Wanda kuɗinsa ba zai kai ga biyu ba, ni man kifi zan ce ya zaɓa, bayan likita ya ƙayyade masa adadi daidai da nauyin karen, tunda shi ma idan ya yi yawa yana kawo gudawa da ƙiba.

A namu ɓangaren, na yi shawara da likita cewa idan robar da ke hannu ta ƙare za mu dakatar da ƙwayar na wata biyu, mu ci gaba da man kifin da muka fara da sauran tsarin yadda yake. Na sa babban ɗana ya riƙa ɗaukar bidiyon miƙewar Duna da asuba sau ɗaya a mako, domin idan hunturu ya dawo mu samu abin kwatantawa wanda ba tunanina kaɗai ba ne.